Kasuwar jiragen cikin gida: wanda ya rage a tsaye shi ke cin gado

Sana'ata sayar da tikitin jirgi ce. Ɗan ofis gare ni a Kano, kwamfuta biyu da yaro ɗaya mai taya ni, kuma yawancin masu zuwa wurina 'yan kasuwa ne, mutanen Kwari da Singa da Wambai masu zuwa Legas sari ko fitar da kwantena. Sai ma'aikata masu zirga-zirgar Abuja, sai masu rakiyar marar lafiya. Tun da naira ta faɗi, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, tunda an ce fasinja ya ragu, me ya hana kamfanonin nan su karya farashi su jawo mutane?" Tambaya ce ta mai hankali, don haka muka san kasuwa: in ciniki ya yi sanyi, mai kaya ya rage. Amma abin da na gani daga kan kujerar nan shi ne, a Nijeriya ba a cika ƙwace kasuwar jirgi da araha ba. Gadonta ake ci. Wanda ya iya riƙe jiragensa a sama har abokin gasarsa ya durƙushe, shi ke kwashe fasinjan, ko da tikitinsa ya fi na kowa tsada.

Duk wanda ya manyanta a Kano yana iya lissafo mamatan da bakinsa. Nigeria Airways, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1958, ya rufe a 2003. Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, wanda aka kafa a 1980, ya taɓa zama abin alfaharin garin nan kafin ya janye daga jigilar cikin gida ya koma ta alhazai, daga baya ya yi shiru. Okada na birnin Benin, Chanchangi na Kaduna, IRS, Albarka, EAS, Bellview, Sosoliso, ADC, duk sun zo sun wuce. Wasu hatsari ne ya gama da su. Ba mu manta da jirgin EAS da ya faɗo a Gwammaja a watan Mayun 2002 ba, ko na ADC da ya faɗi a Abuja a watan Oktoban 2006, wanda a cikinsa Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu, Allah ya jiƙansu. Bayan waɗannan haɗurra gwamnati ta ce duk kamfanin da zai yi jigilar cikin gida sai ya nuna jarin naira miliyan 500 kafin ƙarshen Afrilun 2007, wannan ma ya tankaɗe wasu. Amma mafi yawansu ba wuta ba ce ta ci su, bashi ne da rashin dala.

Wanda ya ci gadon wancan zamanin shi ne Arik. Ya fara tashi a Oktoban 2006 da sababbin jirage fil, daidai lokacin da mutane ke tsoron tsofaffi, cikin 'yan shekaru ya zama shi ke ɗaukar fiye da rabin fasinjan cikin gida. Sai 2016 ta zo. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, tattalin arziki ya shiga mawuyacin hali, a watan Yuni Babban Banki ya saki naira daga 197 kan dala ɗaya, ta gangara ta haura 300 a farashin gwamnati, a kasuwar bayan fage kuwa abin ya fi haka muni. Man jirgi ya yi wuya. Aero Contractors, kamfanin da ke aiki tun 1959, hukumar AMCON mai karɓar basukan da suka gagara ta riga ta karɓe shi a farkon shekarar, kuma a watan Satumba ya dakatar da tashi na 'yan watanni. First Nation ma ya tsaya a daidai wannan lokacin. A Fabrairun 2017 AMCON ta karɓe Arik kansa, ana maganar bashin da ya haura naira biliyan 300, kuma cikin jirage kusan talatin da yake da su, wajen goma ne kawai ke iya tashi.

To a wannan shekarar ta kuka, 2016, wa ya yi dariya? Air Peace, wanda bai fi shekara biyu da fara aiki ba, don a Oktoban 2014 ya fara. Mai kamfanin, Allen Onyema, bai karya farashi ya kashe Arik ba. Abin da ya yi shi ne ya dinga ƙaro jirage a lokacin da na wasu ke kwance, tsofaffin Boeing 737 da ake samu da sauƙin kuɗi, daga baya ya haɗa da ƙananan Embraer masu kujera 50. Fasinjan da ya je filin jirgi aka ce masa an soke tashinsa, ya waiga ya ga kantar da ke da jirgi a ƙasa yana jiran mutane, ba ya tambayar wa ya fi araha. Kafin a ankara Air Peace ya zama babba a ƙasar, har yau kuma shi ne.

Dalilin da ya sa abin ke tafiya haka yana cikin lissafin kuɗin. Kamfanin jirgin cikin gida naira yake karɓa, amma dala yake kashewa. Hayar jirgi dala ce. Kayan gyara dala ne, tun daga taya har inji. Mafi yawan inshora a waje ake biya. Matuƙa kuma dole a riƙa tura su horo lokaci-lokaci a na'urar da ke kwaikwayon tuƙi, wanda shekara da shekaru a ƙasashen waje ake yi. Sannan ga babban gyara da ake wa kowane jirgi bayan kimanin shekara ɗaya da rabi ko biyu, wanda ake kwance shi a duba ciki da waje. Aero na yin irin wannan gyaran ga tsofaffin 737 a Legas tun 2018, amma bai isa kowa ba, saboda haka jirage da yawa waje ake kai su. Jirgi ya tafi gyara, an gama, an kawo takardar kuɗi da dala, kamfani na da naira jibge a banki amma ya rasa canji, sai jirgin ya yi wata da watanni a can yana jira, kuɗin ajiya na ƙaruwa. In kuma ka ce bari ka ci bashin banki a gida, kuɗin ruwa ya kusa kashi 30 cikin ɗari a 'yan shekarun nan, alhali abokan sana'arka na Turai da ƙasashen Larabawa ba sa biyan ko kusa da haka.

Sai mai. Masu kamfanonin kan ce man jirgi kaɗai yana cin kusan kashi 40 cikin ɗari na abin da suke kashewa. Bari in yi lissafin da nake wa masu gardama a ofis. Tsohon 737 yana shan kusan lita 3,000 a awa guda, Legas zuwa Abuja kuwa tafiyar wajen awa ɗaya ce. A farkon 2021 lita tana wajen naira 190, wato man sawu ɗaya naira 570,000. A watan Mayun 2022 lita ta kai 700, man sawun nan ɗaya ya koma naira miliyan 2.1. In mutum ɗari ne a ciki, kuɗin man da ke kan kowane fasinja ya tashi daga 5,700 zuwa 21,000, ba a yi maganar albashi ko gyara ko kuɗin sauka da tashi ba, ba a cire kashi 5 cikin ɗari na kowane tikiti da ake ba hukumomin sufurin sama ba. Daga baya litar ta haura naira dubu. Kuma mu a Arewa abin ya fi tsanani, don daga Legas ake ɗauko man da tanka, kafin ya iso Kano ko Maiduguri kuɗin mota ya hau kansa.

Wannan gefe ɗaya ke nan. Ɗaya gefen shi ne kujerar jirgi kayan gwari ce. Mai tumatir a 'Yankaba ya san in yamma ta yi kwandonsa bai fita ba, gobe ba shi da abin sayarwa, saboda haka gara ya karɓi ko nawa ne. Haka kujera: da zarar an rufe ƙofa, wadda babu kowa a kanta ta tafi a banza, ba a ajiye ta sai gobe. Shi ya sa kowane kamfani zuciyarsa ke raya masa ya rage kuɗi ya cike gurbi, kuma shi ya sa ake samun yaƙin farashi, amma a gajerun lokuta, musamman in sababbin kamfanoni sun shigo. Mun ga haka bayan korona. An rufe filayen jirgi a ƙarshen Maris 2020, aka buɗe Legas da Abuja ranar 8 ga Yuli, Kano da Maiduguri da Fatakwal da Owerri ranar 11. Mutum zai zaci bayan wata uku babu ko sisi ba wanda zai yi sha'awar shiga wannan sana'a. Ina! United Nigeria ya fara a Fabrairun 2021 daga Enugu, Green Africa ya fara a watan Agusta da tallan tikitin da bai kai naira 20,000 ba, ValueJet ya biyo baya a 2022, Rano Air na nan Kano a 2023. Dalili kuwa a fili yake: korona ta sa jirage sun yi kwantai a duniya, masu ba da haya na neman mai karɓa, matuƙa na zaune a gida. Lokacin da tsofaffi ke fama da bashi shi ne lokacin da ya fi sauƙin shiga ga wanda ya zo da sabon kuɗi.

A wannan ɗan tsakanin na sayar da tikitin Kano zuwa Abuja a kuɗin da in na faɗa wa yaron ofishina yanzu sai ya yi dariya. Amma kowa ya san ba za ta ɗore ba, ana sayar da kujera ƙasa da abin da aka kashe a kanta, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara gajiya.

Shekarar 2022 ce ta fi nuna mini halin 'yan kasuwar nan, abubuwa uku suka faru a jere. A watan Fabrairu muka wayi gari kusan duk kamfanoni sun mayar da mafi ƙarancin tikiti naira 50,000, kusan a rana ɗaya. Hukumar kare haƙƙin masu saye da hana haɗin baki a kasuwa, FCCPC, ta ce za ta bincika, don ba ta yarda haka kawai aka yi katari ba. Kamfanonin suka ce ba su haɗa baki ba, mai ne ya tilasta wa kowa. A watan Maris kamfanoni shida, Air Peace da Azman da Max Air da Arik da Aero da United Nigeria, suka sa hannu a wata yarjejeniya da suka kira Spring Alliance, wai in jirgin ɗaya ya samu matsala sai ɗan'uwansa ya kwashi fasinjansa. A takarda abin ya yi kyau ƙwarai. Mu da ke sayar da tikiti dai mun ci gaba da ganin fasinja na sayen sabon tikiti da kuɗinsa in aka soke masa tafiya, sannan ya zauna jiran a mayar masa da na farko.

Na ukun ya fi ban dariya. Ƙungiyar masu kamfanonin, AON, wadda Alhaji Abdulmunaf Yunusa Sarina mai Azman ke shugabanta a lokacin, ta ba da sanarwar cewa daga Litinin 9 ga Mayu kowa zai ajiye jirginsa saboda tsadar mai. Ba a kwana biyu ba Ibom Air ya fito ya ce shi kam zai ci gaba da tashi, yana da alƙawura da masu bin sa bashi da fasinjan da suka riga suka biya. Sai wasu suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya, kafin Litinin ɗin ta zo an janye yajin aikin. Ban ga laifin kowa ba. Kowannensu ya san in ya ajiye jirgi na kwana uku maƙwabcinsa na tashi, fasinjan da ya tsallaka ba lallai ya dawo ba. Suna iya haɗuwa a ɗaga farashi, don kowa na cin riba, amma ba sa iya haɗuwa a bar fili. Wata biyu bayan nan, a Yuli, Aero ya dakatar da jigilar fasinja da kansa, hukumar kula da sufurin sama, NCAA, kuma ta dakatar da kamfanin Dana, kusan a mako guda. Nan take kujeru suka yi ƙaranci, waɗanda suka rage suka ɗaga farashi, jiragensu kuma suka cika maƙil. Ga gadon da nake faɗa.

Ba wai babu dabara sai jira ba. Akwai, kuma wadda ta fi burge ni ita ce ta girman jirgi. Da can kowa 737 yake nema, mai kujera 120 zuwa 140, don a ganinsu shi ne jirgi. Amma in fasinja ya ragu, babban jirgi masifa ne, man da zai sha da mutum 60 kusan shi zai sha da mutum 130. Sababbin da suka shigo sun gane wannan. United Nigeria da Rano sun fara da Embraer 145 mai kujera 50, Ibom Air da ValueJet da CRJ900 mai kusan 90, Green Africa da ATR 72 mai farfela, wanda ba ya shan mai sosai a gajeriyar tafiya. Overland ma da ƙananan jirage ya daɗe yana lallaɓawa a garuruwan da manya ba sa kulawa, kuma yana nan da ransa alhali waɗanda suka fi shi suna sun tafi. Wahalar ita ce mutanenmu ba sa son jirgi mai farfela. Na sha fama da Alhazai a kan wannan. Sai in ce, "Alhaji, wannan fa ya fi wancan babban sabunta nesa ba kusa ba." Sai ya ce, "Malam, bar ni da mai fanka, sa ni a babba." Sannan ƙaramin jirgi ba ya ɗaukar kaya da yawa, ɗan kasuwar da ya taho da jakunkuna huɗu daga Legas kuwa wannan ne abin da ya dame shi.

Dabara ta biyu cika alƙawarin lokaci. Alƙaluman NCAA na shekarun nan suna nuna kusan rabin tashin jiragen cikin gida, wani lokaci fiye, ba sa tashi a kan lokaci. A irin wannan kasuwa, wanda ya ce ƙarfe bakwai kuma ya tashi ƙarfe bakwai ya samu abin sayarwa da ya fi ragin naira dubu goma. Ibom Air, na gwamnatin Akwa Ibom, wanda ya fara a Yunin 2019, a kan wannan ya gina sunansa, ya ja ma'aikatan banki da na kamfanonin mai, irin fasinjan da ba daga aljihunsa yake biya ba kuma ba ya son ya rasa taro. Wannan fasinjan shi ne nama a kasuwar. In tattalin arziki ya taɓarɓare, mai zuwa biki ko gaisuwa shi ke fara komawa mota, amma jami'in gwamnati da ɗan majalisa da ma'aikacin babban kamfani suna nan. Kuma da yake hanyoyi irin ta Abuja zuwa Kaduna sun yi ƙaurin suna da masu garkuwa da mutane, akwai wanda zai ci bashi ya hau jirgi don dole. To me zai sa kamfani ya karya farashi saboda wanda ya riga ya tafi tasha, alhali wanda ya rage zai biya ko nawa aka ce?

Akwai kuma dabarun da ba a tallata su. Ɗaya ita ce cika jadawali da sawu. Kamfani mai jirage huɗu zai rubuta sawu shida a rana tsakanin Legas da Abuja, don duk lokacin da ka duba intanet ka gan shi a gaba. In ranar ta zo, na ƙarfe goma bai cika ba, na sha biyu ma haka, sai a haɗe su a na ƙarfe biyu, a turo maka saƙo cewa an samu matsalar gudanarwa. Kuɗinka na hannunsu, ba ka je wurin wani ba. Dokar NCAA ta ce bayan jinkirin awa biyu a ba fasinja abin taɓawa, in ya wuce awa uku yana da ikon a mayar masa da kuɗinsa in ya fasa, amma mutum nawa ne suka san wannan, kuma in an mayar maka a filin jirgi da yamma, tikitin wani kamfanin ya riga ya ninka.

Ɗayar ta shafe mu kai tsaye. Mu masu sayar da tikitin cikin gida kuɗi muke zubawa tun gaba a asusun kamfani, muna sayarwa ana cirewa. In kamfani ya shiga matsin kuɗi sai ka ga wakilinsa ya fara zarya: zuba miliyan kaza mu ƙara maka kaza a kai. Ga wanda bai san dawan garin ba, garaɓasa ce. Wani kamfani da ba zan ambata ba ya taɓa yi mana irin wannan tayin, 'yan makonni kaɗan ya daina tashi, kuɗin mutane da dama ya maƙale, har da nawa. Tun daga nan in na ga tayi ya cika daɗi, abin da nake fara tambaya shi ne jirage nawa ne kamfanin ke da su a sama a wannan makon, ba nawa ya rubuta a takarda ba.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wannan kokawa, mu 'yan Arewa ne ke fara jin ta a jika. Fasinjan cikin gida na ƙasar nan duka bai fi miliyan goma sha wani abu a shekara ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma mafi tsokar wannan yana tsakanin Legas da Abuja da Fatakwal. In kamfani mai jirage takwas ya wayi gari uku ne ke tashi, ba sai an yi taro ba, ukun nan hanyar Legas da Abuja za a tura su. Sakkwato da Yola da Gombe da Bauchi da Katsina da Birnin Kebbi su ake fara yankewa, ko a mayar da su sau uku a mako, ko a bar kamfani ɗaya tilo ya sa kuɗin da ya ga dama. Kano ta fi su dama-dama, amma ita ma na ga lokacin da sawun Legas kai tsaye ya ragu har sai mutum ya bi ta Abuja. Abin haushi ne ga garin da jirgi ya fara sauka a ƙasar nan tun 1925.

Kuma gaskiya ba ƙiyayya ba ce, lissafi ne. Filaye da yawa a Arewa ba a sauka a cikinsu da dare, in jirgi ya makara da rana shi ke nan an soke. Jirgi kuwa a sama yake neman kuɗi, wanda zai yi sawu takwas a hanyar da ake aiki har dare ba za a kai shi inda zai yi huɗu ba. Ga hazo daga Disamba zuwa Fabrairu, jirgi ya taso daga Legas ya yi ta shawagi a saman Kano ya koma, mai ya ƙone a banza. Ga tsaro: bayan harin da aka kai filin jirgin Kaduna ranar 26 ga Maris 2022, da na jirgin ƙasa kwana biyu bayan haka, kamfanoni suka janye daga Kaduna na tsawon lokaci, garin da a 2017 ya karɓi jiragen Abuja na mako shida lokacin da ake gyaran titin saukar jirage na can. A watan Disamba kuma, daidai lokacin da mutanen Kudu maso Gabas ke komawa gida Kirsimeti, tikitin Enugu da Owerri da Asaba kan ninka, har kamfanoni su ɗauko hayar jirage daga waje da matuƙansu na 'yan watanni don su kwashi rabonsu. A wannan watan duk jirgin da ke da lafiya can ake karkata shi.

Kamfanoninmu na Arewa suna da wata ƙafa da suka daɗe suna dogaro da ita, wato jigilar alhazai da Umara. Max Air na Alhaji Ɗahiru Mangal ya yi shekaru yana wannan kafin ya shiga jigilar cikin gida a 2018. Aikin Hajji na kawo kuɗi mai kauri a dunƙule, yana riƙe kamfani a lokacin da kasuwar gida ta mutu. Amma ƙafar na iya zama rauni. A 2020 da 2021 ba a je Hajji daga nan ba saboda korona, kuɗin ya yanke gaba ɗaya. Kuma in hankalin mai kamfani yana kan manyan jirage na Jidda da Madina, jigilar gida sai ta zama ta biyu. Azman, wanda ya fara a 2014 kuma ya taɓa riƙe hanyoyin Kano da Kebbi da Gombe da Yola, ya dakatar da jigilar gida a 2023 jiragensa suna wurin gyara, shekarar da aka sake sakin naira daga wajen 460 ta kama hanyar haura 1,500 a farkon 2024. Max Air ma ya ɗan dakata a farkon 2025. Duk lokacin da ɗayansu ya tsaya, wayata ba ta hutawa, kuma amsar da nake bayarwa ɗaya ce: "Hajiya, kujera ɗaya ta rage, kuma kuɗin ba na jiya ba ne."

Gwamnoni sun ga wannan giɓin, kowa na neman maganinsa. Wasu kan yi yarjejeniya da kamfani: ka zo garinmu sau kaza a mako, kujerun da ba su cika ba mu biya. Wasu sun bi sawun Akwa Ibom, Kuros Riba ta sayi jirage, Enugu ta ƙaddamar da nata kamfanin a 2025. Ina da ra'ayi biyu a kan wannan. Garin da ba shi da jirgi ba ya jawo mai zuba jari, wannan gaskiya ne. Amma kamfanin da baitulmali ke bayansa yana iya jure asarar da ɗan kasuwa ba zai iya ba, kuma a kasuwar da juriya ce ke raba gardama, wannan ba ƙaramin fifiko ba ne. Wannan tsoron ne ya sa AON ta kai gwamnatin tarayya kotu a ƙarshen 2022 kan Nigeria Air, sabon kamfanin jiragen sama da gwamnatin ta so kafawa, wanda aka shirya ba Ethiopian Airlines kashi 49 cikin ɗari. Ministan sufurin sama na lokacin, Hadi Sirika, ya nuna jirgin a Abuja a ƙarshen Mayun 2023 ana saura kwana uku gwamnati ta sauka, wanda ya gaje shi, Festus Keyamo, ya dakatar da shirin, kotu kuma ta soke yarjejeniyar a 2024. Ko me mutum zai ce game da yadda aka tafiyar da shirin, abin da ya tayar wa kamfanonin gida hankali shi ne abokin gasa mai dala da wurin gyara nasa na kansa a Addis Ababa, wanda jirginsa ba zai taɓa kwana a waje yana jiran canji ba.

Abu biyu nake sa wa ido yanzu. Na farko, a Satumban 2024 gwamnati ta sa hannu a ƙa'idar da ta sauƙaƙa wa masu ba da hayar jirage karɓe kayansu in kamfanin Nijeriya ya kasa biya, bisa yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Cape Town da ke kare masu ba da hayar jirage. Da can suna gudun mu, don jirgi kan maƙale a kotu shekara da shekaru, saboda haka kamfanoninmu ko su sayi tsoho da tsabar kuɗi ko su yi haya mai tsada haɗe da matuƙa. In hayar dogon zango ta samu da sauƙi, ƙaramin kamfani zai iya ƙara jirage ba tare da ya nemi miliyoyin dala a dunƙule ba. Matatar Ɗangote ma ta fara fitar da man jirgi a 2024, ko da yake farashinsa na bin na duniya, abin da ya ragu shi ne fargabar yankewarsa. Na biyu, NCAA ta fito da ƙa'idar cewa kamfanin jigilar fasinja ya mallaki aƙalla jirage shida. Manufar ita ce a daina ganin kamfani mai jirgi biyu yana sayar da tikitin garuruwa goma. Na fahimci wannan, na sha wahalarsa. Sai dai kamfanonin da ke zuwa garuruwa irin su Birnin Kebbi da Dutse da Jalingo galibi ba manyan ba ne, ƙananan nan ne, kuma in aka matsa musu suka fita, ban ga alamar babban kamfani zai cire jirgi daga hanyar Legas da Abuja ya kai can ba.